Muhawarar zauren masu kallon NFL, gasar ƙwallon Amurka: motsi kafin a saki ƙwallo ko gudun ƙarfi, wanne ke kai mutum ga kofi?

Baban Hanifa, Kano:
Salamu alaikum 'yan zaure. Yau mako guda da Super Bowl na Fabrairun 2025, wasan ƙarshe na cin kofin NFL, amma har yanzu wasan bai bar raina ba. A zaune na kwana ranar, tun ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare har gab da asuba, ga fulas ɗin shayi a gefe, ina kallon Eagles suna lallasa Chiefs da ci 40 da 22. Maganar da na daɗe ina yi a zauren nan ita ce ta tabbata. Wannan zirga-zirgar da ake sa ɗan wasa ya yi kafin a saki ƙwallo, ya ruga dama ya dawo hagu, kayan watan Satumba ne, lokacin da fili ke bushe, jiki ke sabo. Da zarar an shiga zagayen sili ɗaya ƙwale, sanyi ya sauka, kowa ya haddace dabarun kowa, to ƙartan nan biyar na layin gaba da mai gudu a bayansu su ne ke kai ka gida.

Ku duba Saquon Barkley, mai gudun Eagles. Yadi 2,005 ya yi a kakar 2024, in aka haɗa da wasannin Janairu da Fabrairu ya zama 2,504, ya goge tarihin Terrell Davis na 1998. Ranar da suka kara da Rams dusar ƙanƙara na zuba a Filadelfiya, ya yi yadi 205, da gudu ɗaya na yadi 62 da wani na 78. Kuma Rams ɗin nan ai su ne gidan motsi, wajen kocinsu Sean McVay. Ina motsin ya kai su?

Ɗan Arrowhead, Kaduna:
Wa alaikumus salam Yaya. An ci mu 'yan Chiefs, ba na musu, kuma ciwon na nan. Amma ka gyara maganar. A Super Bowl ɗin da kake kafa hujja da shi, yadi nawa Barkley ya yi? 57 ne kacal, cikin ɗauka 25. Mun toshe shi tsaf. Abin da ya kashe mu masu tsaron Eagles na koci Vic Fangio ne, da suka kayar da Mahomes, kwatabak ɗinmu, wato mai jifan ƙwallo, sau shida ba tare da sun ƙaro ko mutum ɗaya kan huɗun gaba ba. Ga ƙwallon da Cooper DeJean ya cafe ya mayar tacdawun, wato ya kai shi ƙarshen fili ya ci maki. Wannan ba gudun ƙarfi ba ne.

Sannan ka koma shekara biyu baya, Fabrairun 2023, mu da su ɗin dai. Suna gaba da 27 da 21 aka shiga kwata ta huɗu. Kadarius Toney ya taho da gudu kamar zai ƙetara ɗaya gefen, ana sakin ƙwallo ya juya ya koma inda ya fito. Masu tsaronsu duk sun tafi ciki, shi kaɗai Mahomes ya tarar, ko inuwar mutum babu kusa da shi. Bayan 'yan mintuna aka maimaita musu da Skyy Moore a ɗaya ɓangaren, suka sake faɗawa. Muka ci 38 da 35. Shekarar da ta biyo, a Las Vegas, da irin motsin nan Mecole Hardman ya rufe wasa da 49ers a ƙarin lokaci, 25 da 22. Kofi biyu a jere, Yaya, kuma duka a Fabrairu aka yi, ba a Satumba ba.

'Yar Damagaram:
Don Allah ku yi haƙuri da ni, bana na fara kallo, yayana ne ya koya mini. Na gane damar nan huɗu da ake bayarwa don a ci yadi goma. Abin da ban gane ba shi ne amfanin gudun da mutum ɗaya ke yi alhali ba a fara ba. Ba gajiyar da kansa yake yi ba?

Malam Alli, Zariya:
Tambaya mai kyau, ƙanwata. Doka ta ce a daidai lokacin da za a saki ƙwallo mutum ɗaya tak cikin sha ɗaya ne zai iya kasancewa yana motsi, kuma ba zai nufi gaba ba, sai dai gefe ko baya. In biyu suka motsa tare, dole kowa ya tsaya cak na daƙiƙa ɗaya, in ba haka ba a ja su baya yadi biyar. A gasar Kanada ne ake barin mutane da yawa su taho da gudu har su nufi gaba.

Amfaninsa na farko tambaya ce ake yi wa masu tsaro. In ɗan wasa ya ƙetara kika ga mutum ɗaya ya bi shi ƙafa da ƙafa, kwatabak ya san tsaron mutum da mutum ake yi. In ba wanda ya bi shi, sai dai suka ɗan gusa, to yanki kowa ke gadi. Ya samu amsa tun ƙwallo ba ta zo hannunsa ba. Na biyu, wanda ya riga ya ɗauki gudu ya fi wanda ke tsaye saurin kuɓuta. Na uku kuma, wanda mutane ke mantawa, yana sauya lissafi: kowane mai tsaro akwai ƙofar da aka ba shi ya toshe, in mutum ya ƙaura daga hagu zuwa dama sai ƙofofin su gusa, su kuma sai sun yi magana da juna cikin daƙiƙa biyu, ga ihun 'yan kallo.

Shi kuwa gudun ƙarfi babu ɓoye-ɓoye. Ƙarti biyu su haɗu su danne ƙato ɗaya, mai gadin ɗaya gefen ya zare jiki ya zagayo ya shiga gaba, mai gudu ya manne a bayansa. Kin san inda za a bi, a ce miki hana in kin isa.

'Yar Damagaram:
Na gode Malam, Allah ya ƙara sani. Yanzu na ga abin da Toney ya yi musu.

Baban Hanifa, Kano:
Ƙanena Ɗan Arrowhead, na karɓi maganar yadi 57. Amma tambayi kanka me ya sa aka toshe shi. Duk hankalin masu tsaronku yana kan Barkley, shi ya sa kwatabak ɗin Eagles, Jalen Hurts, ya yi yadi 72 da ƙafarsa. Jifar nan ta yadi 46 da DeVonta Smith ya cafe a kwata ta uku, ai sai da Hurts ya yi kamar zai miƙa wa Barkley tukuna. Tsoron mai gudu ma aiki yake yi. Tacdawun ɗin farko kuma fa? Tura Hurts aka yi ta baya daga yadi ɗaya, duk duniya ta san abin da za a yi, ba a iya hanawa ba.

Kuma wasan 2023 da kake tinƙaho da shi, ka manta yadda kuka isa bakin ragar kafin Toney ya yi dabararsa? Isiah Pacheco ne ya riƙa kutsawa, yadi 76 cikin ɗauka 15, ƙungiyarku ta yi yadi 158 a ƙasa. Yaudara a yadi biyar na ƙarshe take aiki, sauran tafiyar da ƙafa aka yi ta.

Sai wasan da ya fi tsaya mini. Dolphins na 2023, babu wanda ya kai su motsi. Kocinsu Mike McDaniel ya riƙa sa Tyreek Hill ya ɗan ruga gefe kafin a saki ƙwallo, suka ci Broncos 70 da 20 a Satumba, kowa na cewa an canza wasan har abada. Ranar 13 ga Janairun 2024 suka zo gidanku, sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, har hular kwanon Mahomes ta tsage. Maki bakwai suka tashi da shi. 26 da 7. Da bakinka ka yi murna a zauren nan ranar.

Ɗan Arrowhead, Kaduna:
Na yi murna, kuma zan sake yi. Amma in haka ne bari in kawo maka Derrick Henry, tunda babu wanda ya kai shi ƙarfi a zamanin nan. Janairun 2020, yana Titans, ya yi wa Patriots yadi 182, ya yi wa Ravens 195. Ya zo wajenmu, Titans suka yi gaba da 17 da 7. Muna farkewa muka wuce su, shi ke nan aikinsa ya ƙare, ya tashi da yadi 69, muka ci 35 da 24. Matsalar gudun ƙarfi ke nan: yana son kana gaba. In aka ba ka ratar maki goma ga agogo na tafiya, yadi huɗu-huɗu ba za su fisshe ka ba. A Janairun 2025 ma da rigar Ravens ya yi wa Steelers 186, mako guda bayan nan Bills suka sallame su 27 da 25.

Maman Fahad, Kolombus:
Assalamu alaikum. Ni dai ba lissafin yadi na iya ba, amma ɗana mai gadin hagu ne a ƙungiyar makarantarsu ta sakandare a nan Ohayo, shekara uku ina zama a benci ina kallo. Mu 'yan Zangon Kumasi ne, ƙwallon ƙafa muka sani, da farko har tsoro nake ji in ga an danne shi. Abin da na lura da shi, a Satumba yaran suna son dabarun nan na zagaye-zagaye. Amma ranar wani wasa a Nuwamba, ruwa da sanyi, yatsun kwatabak ɗinsu sun ƙage, sau biyu alƙali yana jefa tuta saboda yaron da ke motsi ya karkata gaba kafin lokaci. Bayan hutun rabin lokaci kocinsu ya ajiye duk wannan, ya riƙa kiran wasa ɗaya. Fahad ya zare ya zagaya, ya zare ya zagaya. Ina ganin yaron da yake karo da shi, da farko da ƙirji yake tararsa, can wajen ƙarshe sai ya fara juya kafaɗa yana kaucewa. A mota muna komawa gida, rigarsa duk taɓo, ya ce mini, Mama, tun kwata ta uku na ji ya daina so. Wannan abin ba ya fitowa a allon lissafi, amma ni na gan shi da idona.

Baban Hanifa, Kano:
Allah ya raya Fahad, Hajiya. Abin da na kasa faɗa ke nan kika faɗa.

Malam Alli, Zariya:
Amin. Sai dai ni ina ganin kun raba abin da ba ya rabuwa. Ku tuna 49ers da Packers, Janairun 2020, wasan neman zuwa Super Bowl. Jimmy Garoppolo, kwatabak ɗin 49ers, sau takwas kawai ya yi jifa a duk wasan. Raheem Mostert ya yi yadi 220 da tacdawun huɗu, aka tashi 37 da 20. To wannan na wane ne a cikinku? Baban Hanifa zai ce nasa ne don a ƙasa aka yi. Amma kocin 49ers Kyle Shanahan da wuya ya kira gudu bai motsa wani ba, ko Kyle Juszczyk ko George Kittle ko Deebo Samuel. Ƙofofin da Mostert ya riƙa bi, wasu har ba mai taɓa shi, motsin ne ya buɗe su, saboda 'yan tsakiyar tsaro sun bi mutum da ido sun yi taku ɗaya ba daidai ba. Kamar ɗan dambe ne, hannun da bai naɗe ba yana wasa da shi a fuskarka, naushin kuma daga ɗaya hannun zai zo.

Baban Hanifa, Kano:
Malam, to a cire wasan hannun, naushi zai iya kayar da mutum. A cire naushin fa? Ka tuna Rams da Patriots a Fabrairun 2019. Duk kakar McVay yana rikita mutane da masu gilmawa. Kocin Patriots Bill Belichick ya jera mutum shida a layin gaba, ya ce kowa ya tsaya a ƙofarsa kada ya bi kowa da ido. Rams suka tashi da maki uku. Su kuwa Patriots da James Develin a gaba, Sony Michel a baya, tsohon yayi sak, Michel ya ci tacdawun shida a wasanni ukun da suka yi a zagayen sili ɗaya ƙwale. In ƙungiya ta samu mako biyu tana nazarinka, yaudara takan ƙare. Nauyi ba ya ƙarewa.

Ɗan Arrowhead, Kaduna:
Eagles ma mako biyu suka samu a 2023, Yaya, kuma sau biyu suka faɗa rami ɗaya.

Alhajin Merilan:
Salamu alaikum yarana. Na karanta duka, na ji daɗin yadda kuke gardama ba zagi. Ni karatu ya kawo ni Amurka, kuma Super Bowl ɗin da ya sa na kamu da wasan nan shi ne na 30 ga Janairun 1983, Washington da Miami a Pasadena. A ɗakin kallo na ɗalibai na gan shi, ina tsaye a baya don kujeru sun cika. Miami na gaba 17 da 13 a kwata ta huɗu, ƙwallo a hannun Washington, dama ta huɗu, saura yadi ɗaya, a kan layin 43. Babu wanda bai san John Riggins za a ba ba. Mutum ne kamar bijimi, ga layin gaban nan na koci Joe Gibbs da suka yi suna wajen ture mutane.

Amma ku nemi faifan ku kalla da kyau. Kafin a saki ƙwallo Clint Didier ya yi motsi zuwa ɗaya gefen, sannan ya juya ya dawo. Don McNeal, mai tsaron da ke bin sa, ya zo juyawa sai ƙafarsa ta ɗan zame. Ya dai farfaɗo ya iso wurin, amma a makare, ba da ƙirji ya tari Riggins ba, da hannu ya kamo shi ta gefe. Riggins ya fizge, ya tafi yadi 43. Ya gama wasan da yadi 166 cikin ɗauka 38, aka tashi 27 da 17.

Na shekara fiye da arba'in ina juya wasan nan a raina. Da McNeal bai zame ba, wataƙila ya tsayar da shi. Da kuma wani siririn mai gudu ne ba Riggins ba, kamun hannun nan ya isa ya kayar da shi. Amma in kun matsa mini in zaɓa, ina bayan Baban Hanifa da kaɗan. Dalilina, a kwata ta huɗu aka yi abin, bayan an daɗe ana dukan masu tsaron Miami. Ƙafar da ta gaji ita ke zamewa.

Ɗan Arrowhead, Kaduna:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, ban taɓa sanin akwai motsi a wasan nan ba, zan nemo shi yau. Amma ka ba ni dama in kawo na gidanmu. Christian Okoye, haifaffen Inugu, jifan faifai ya kai shi Amurka, ya zo ya fi kowa gudu a NFL a 1989 da yadi 1,480. Saboda shi mahaifina ya fara son Chiefs, ni kuma na gada. Kocinsa Marty Schottenheimer babu wanda ya kai shi imani da gudun ƙarfi. Ya ci wasa 200 a kakar yau da kullum, amma a sili ɗaya ƙwale ya ci 5 aka ci shi 13, bai taɓa kai ƙungiya Super Bowl ba. A 2006 yana Chargers, sun ci 14 sun faɗi 2, ga LaDainian Tomlinson da tacdawun 31, wasan farko Patriots suka fitar da su a gida. Mu kuwa shekara hamsin muka yi ba kofi sai da Andy Reid ya zo da dabarunsa ya haɗu da Mahomes. Ni abin da na rayu na gani ke nan, shi ya sa ba zan saki maganata ba.

Alhajin Merilan:
Gaskiyarka ɗana, Marty ya sha wahala a Janairu, na kalli da yawa cikin wasannin nan. Sai dai shi matsalarsa in ya samu 'yar rata sai ya naɗe hannu ya daina neman maki. Wannan tsoro ne, ba laifin gudu ba.

Mai Shago, Agege:
Ni masoyin Ravens ne, ku bar ni in yi kukana. Janairun 2024, wasan neman zuwa Super Bowl a gidanmu Baltimo, mu ne muka fi kowa gudu a duk kakar. Masu gudunmu sau shida kacal aka miƙa musu ƙwallo. Shida! Ratar ba ta taɓa wuce maki goma ba, babu abin da ya kore mu daga ƙasa, mu muka bar abin da muka iya muka koma jifa. Aka ci mu 17 da 10. Har yau in na tuna sai in ji abinci ya fita raina. Don haka Ɗan Arrowhead, ba kullum agogo ke hana gudu ba, wani lokaci koci ne ke firgita tun wuri.

Baban Hanifa, Kano:
Sannu Mai Shago. Irin ta ce ta sami Seahawks a Fabrairun 2015, yadi ɗaya ya rage, ga Marshawn Lynch a tsaye, aka yi jifa Malcolm Butler ya cafe.

Malam Alli, Zariya:
Wannan kam an daɗe ana gardamarsa, akwai lissafin agogo da hutun da ya rage musu a ciki, mu bar shi wata rana. Ni abin da nake so Ɗan Arrowhead ya duba shi ne rabin farko na wasan makon jiya. Reid bai manta dabarunsa ba, suna nan. Amma yadi 23 kuka yi kafin hutu, ana 24 da nema. Joe Thuney mai gadi ne, larura ta sa aka mayar da shi bakin layi na hagu, Josh Sweat ya riƙa tura shi har jikin Mahomes. Motsi yana ba kwatabak amsa, amma sai ya samu daƙiƙa biyu da rabi kafin ya yi aiki da ita. Ranar bai samu ba. Kuma da yake ba kwa iya gudu, huɗun gaban nan ba su da abin tsoro, kai kawai suka sa suka taho.

Ɗan Arrowhead, Kaduna:
Wannan na yarda da shi, Malam, layinmu ne ya karye. In aka ce in zaɓi abu ɗaya da za mu saya bana, ɗan bakin layi na hagu zan ce, ba mai cafe ƙwallo ba. Amma ban yarda cewa motsi kayan Satumba ba ne, Yaya ya janye wannan.

Baban Hanifa, Kano:
Na janye kalmar Satumba saboda Toney da Hardman, hujja ce ba zan take ta ba. Sauran maganata tana nan daram. A ba ni Mailata da Dickerson da Jurgens da Becton da Lane Johnson, kai kuma ka ɗauki duk mai gilmawar da kake so, mu haɗu cikin ƙanƙara.

'Yar Damagaram:
Baba Alhaji, na samo faifan 1983 ɗin, na kalla sau uku. Na ga zamewar, a daidai inda mutumin ya juya. Amma akwai wani a gaban Riggins da ya ture mutum ɗaya gefe kafin ya wuce. Shi ma cikin biyar ɗin nan yake, ko daga baya ya fito?

Alhajin Merilan:
Daga baya ya fito, 'yata. Otis Wonsley sunansa, mai gudu ne shi ma, amma a irin wannan wuri share hanya ake sa shi. Ki sake kallo, wannan karon kada ki bi ƙwallo da ido, ki tsaya a kan ɓangaren hagu na layin tun daga sakin ƙwallo.